Ciwon damuwa da fargaba: daga sinadarin ƙwaƙwalwa suke ko daga wahalar rayuwa?

Malamin Sakandare:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, kuma ina roƙon a amsa mini da hujja. Bayani iri biyu nake ji game da ciwon damuwa da yawan fargaba. Wasu na cewa wani sinadari ne mai suna sirotonin yake yin ƙaranci a ƙwaƙwalwa, don haka ƙwaya ce maganinsa. Wasu kuma na cewa babu ruwan sinadari, bashi ne da tsadar rayuwa da rashin tsaro da rikicin gida suke karya mutum. Ni abin da idona yake gani ya fi karkata ga na biyun, domin yaran da suke komawa shiru a aji, in ka bincika, yawanci za ka tarar akwai abin da ke faruwa a gidajensu. To in wahala ce sanadi, me ƙwaya za ta yi wa magidancin da kuɗin haya ya hana shi barci?

Ɗalibin Likitanci:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina an raba abin da bai rabu ba, domin wahalar da kake magana a kanta ba ta da hanyar taɓa mutum sai ta jikinsa. Idan mutum ya ji ƙarar bindiga, wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala shi ne yake fara ankara, tun kafin tunani ya gama tantance ko bindigar ce ko taya ce ta fashe. Daga nan saƙo yake bin hanya biyu. Ta farko mai sauri ce: jijiyoyi suna taɓa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su zuba wani sinadari mai suna adiranalin a cikin jini, sai zuciya ta hau bugawa, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, gumi ya keto. Wannan shi ne abin da muke kira faɗuwar gaba, kuma Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya yi bayaninsa tun 1915 a matsayin shirin da jiki ke yi na faɗa ko gudu. Hanya ta biyu tana ɗaukar mintuna: wani sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus ya aika saƙo ga fituwitari, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya aika nasa ta cikin jini zuwa ga waɗancan halittu na kan ƙoda, su saki wani sinadarin mai suna kotisol. Aikin kotisol shi ne ya ɗaga sukarin jini, ya taimaka wajen riƙe ƙarfin bugun jini, ya dakatar da ayyukan da za su iya jira, irin su gyaran jiki da wani sashe na garkuwarsa.

Duk wannan rahama ce matuƙar abin tsoron zai wuce. Matsalar tana farawa ne idan bai wuce ba. A 1936 Hans Selye, yana Jami'ar McGill a Kanada, ya lura cewa ɓerayen da aka daɗe ana wahalar da su, ko da sanyi ne ko da rauni ko da allurar guba, duk alamominsu iri ɗaya ne: halittun kan ƙoda sun kumbura, sassan garkuwar jiki sun motse, ciki ya yi gyambo. Mai bashin da kake magana, Malam, jikinsa ba ya bambanta takardar mai gidan haya da zaki.

Dattijon Zaure:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka yi bayani. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Mu mun taso mun ga iyayenmu sun sha yunwa da fari, sun binne 'ya'ya, amma ba mu ji suna cewa suna da ciwon damuwa ba. Sun riƙe salla da haƙuri da tawakkali. Ina tsoron kada wannan zance na sinadarai ya zama hanyar da za a cire wa matasa nauyin gyara zukatansu, kowa ya ce ba laifinsa ba ne, kotisol ne.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Baba, tsoronka yana da tushe, kuma ni ma ba na son bayanin da zai sa mutum ya naɗe hannu. Sai dai akwai hujjar da nake so ka duba. Akwai wata cuta da Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, ya yi cikakken bayaninta a 1932, wadda wani ɗan ƙari a fituwitari yake sa jiki ya riƙa samar da kotisol fiye da kima. Masu ita fuskarsu takan yi faɗi, cikinsu ya yi teɓa, ƙafafunsu su sirance, jininsu ya hau, kuma da yawa daga cikinsu suna faɗawa baƙin ciki mai tsanani da fargaba da rashin barci. Idan aka cire ƙarin, kotisol ya sauko, yawanci halinsu yakan daidaita a hankali. Babu wanda zai ce imanin waɗannan mutane ne ya ragu ranar da ƙarin ya fito, ya kuma dawo ranar da aka yi tiyata. Haka nan muna ganin marasa lafiyar da aka ba magungunan da ke kwaikwayon kotisol, irin su firednisolon da deksametason, wasu su kasa barci, wasu su yi ta surutu da rawar kai, wasu su faɗa ƙunci, kuma idan aka rage maganin abin ya lafa.

Game da iyayenmu kuwa, rashin suna ba ya nufin rashin cuta. Sau nawa aka ce wance ta rame tun rasuwar ɗanta, ba ta ci ba ta sha, har ta bi shi? Kuma kai ka fi ni sani cewa Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, ga shi kuwa babu mai tuhumar tawakkalinsa.

Dattijon Zaure:
Wannan gaskiya ne, Likita, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki a cikin addu'arsa, ya kuma umarce mu da neman magani. Ban hana magani ba. Abin da nake so a bambanta mini shi ne baƙin cikin da kowane ɗan Adam yake yi da kuma wanda ya zama cuta, domin yanzu duk wanda ransa ya ɓaci kwana biyu sai ya ce yana da ciwon damuwa.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ma'aunin da muke amfani da shi, Baba, shi ne mutum ya yi aƙalla mako 2 kusan kullum yana cikin ƙunci, ko kuma abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, tare da wasu alamomi kamar lalacewar barci, canjin cin abinci, kasala, rashin iya tattara hankali, ganin kansa ba shi da amfani, ko tunanin gara ya mutu, har abin ya hana shi sana'arsa ko kula da iyalinsa. Wanda aka ɓata wa rai ranar Litinin ya ware ranar Laraba ba ya cikin wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, kusan miliyan 301 kuma da cututtukan fargaba.

Mai Haɗa Magunguna:
Ina so in koma kan sirotonin da Malam ya fara da shi, domin tarihin wannan zance yana da ban mamaki: magani ne ya riga bayani zuwa. A farkon shekarun 1950 an gwada wani maganin tarin fuka mai suna ifroniyazid a wani asibiti a birnin New York, sai aka ga marasa lafiya sun ware, suna cin abinci, suna fara'a fiye da yadda sauƙin huhunsu zai sa. A 1957 kuma Roland Kuhn a ƙasar Suwizalan ya ba da rahoton cewa imiframin yana ɗaga masu ciwon damuwa. Sai daga baya aka gano cewa magungunan biyu suna ƙara yawan wasu sinadarai da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, wato noradiranalin da sirotonin. Daga nan Joseph Schildkraut a 1965 ya kawo hasashen cewa ƙarancin noradiranalin ne ke kawo cutar, Alec Coppen a Ingila kuma a 1967 ya karkata ga sirotonin. Hasashe ne suka kira shi. Amma bayan da aka amince da maganin ciwon damuwa mai suna Prozac a Amurka a ƙarshen 1987, tallace-tallacen kamfanoni suka mayar da hasashen tamkar tabbataccen abu, har ya zama abin da kowa ke maimaitawa.

A 2022 Joanna Moncrieff ta Kwalejin Jami'ar Landan da abokan aikinta suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce ba su sami hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa masu ciwon damuwa suna da ƙarancin sirotonin ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan hanyar da suka bi, amma ko waɗanda suka soke su sun yarda cewa zancen ƙarancin sinadari guda ɗaya ya yi wa lamarin sauƙi da yawa.

Malamin Sakandare:
To ashe magana ta fito. In har babu ƙarancin, ai ƙwayar ba ta da abin da take cikewa, kuma an daɗe ana sayar wa mutane abin da ba shi da tushe ke nan.

Mai Haɗa Magunguna:
A'a, Malam, tambayoyi biyu ne daban. Ko magani yana aiki, gwaji ne yake nunawa. Yadda yake aikin kuma wani bincike ne na dabam. A 2018 Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford da abokansa sun haɗa gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutane fiye da 116,000, suka kwatanta magunguna 21 da ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma dukkan 21 ɗin sun fi ta. Gaskiya ne cewa tazarar ba ta da girma sosai in aka ɗauki matsakaici, akwai waɗanda maganin ya ceto, akwai waɗanda bai yi musu komai ba sai tashin zuciya da raunin sha'awa. Amma cewa ba shi da tushe ya wuce abin da hujja ta nuna.

Ɗalibin Likitanci:
Akwai wani abu da zai taimaka a nan. Waɗannan magunguna suna ɗaga sirotonin a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i kaɗan, amma mara lafiya ba ya jin sauƙi sai bayan mako 2 zuwa 6. Da cike giɓi ne kawai, da ranar farko za a ji canji. Wannan jinkiri ya sa masu bincike suka koma duban abin da yake canzawa a hankali, kuma a nan ne kotisol ya sake shigowa. A 1968 Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller ya gano cewa hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa da ke da hannu wajen adana abubuwan da muke tunawa, cike yake da wuraren da sinadaran wahala suke kamawa. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ya ji kotisol ya yi yawa, ya umarci haifotalamus ya dakata. To gwaji a kan dabbobi ya nuna cewa doguwar wahala tana sa rassan ƙwayoyin hifokamfus da na goshin ƙwaƙwalwa su motse, na amigdala kuwa su ƙara yaɗuwa. Lamarin ya zama kamar motar da ke gangara, gudun yana cinye birki, cinyewar birkin kuma tana ƙara gudun. Abin da ake hasashe yanzu shi ne magani, da motsa jiki, da barci mai kyau, da jinya ta hanyar tattaunawa, duk suna taimaka wa waɗannan rassa su sake tsirowa, kuma tsiro yana buƙatar makonni.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Kuma don kada a ce mun danne hujjar Malam, binciken da George Brown da Tirril Harris suka wallafa a 1978 a kan matan unguwar Camberwell a Landan yana goyon bayansa ƙwarai. Sun tarar cewa mafi yawan matan da suka kamu da ciwon damuwa sun gamu da wani babban rashi ko doguwar matsala kafin ciwon, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda ba ta da wanda take buɗe wa cikinta, ko take da ƙananan yara 3 ko fiye a gida, ko ta rasa mahaifiyarta tun tana ƙarama. Sai dai sun kuma tarar cewa yawancin waɗanda masifa ta afka wa ba su kamu ba. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da kaso wajen 37 cikin 100 a ciwon damuwa, ya fi haka nesa a cutar da ke sa mutum ya riƙa hawa sama da zumuɗi yana faɗowa cikin ƙunci. Saboda haka 'yan gida ɗaya za su sha wahala ɗaya, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya faɗi, ba don wani ya fi wani jarumta ba.

Ungozoma:
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in shigo da mata masu jego, domin a wurinsu ne nake ganin sinadari da wahala suna haɗuwa a fili. Lokacin goyon ciki sinadaran istirojin da furojestaron suna hawa sosai, da zarar mabiyiya ta fita kuma sai su faɗo cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa mata da yawa suke yin kuka ba dalili a kwana na 3 zuwa na 5, abin kuma ya wuce da kansa kafin mako 2. Amma akwai wadda nata ba ya wucewa: ta daina barci ko da jaririn yana barci, ta riƙa ganin ba ta iya uwa ba, ta ƙi abinci. Abin da na lura shi ne wadda ta je wankan gida, uwarta na karɓar jaririn da dare tana samun barci, ta fi saurin farfaɗowa a kan wadda aka bari ita kaɗai da girki da wanki da gorin dangin miji. Akwai kuma nau'i mai haɗari da ke samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, inda za ta rikice ta riƙa jin muryoyi ko ta ƙi jaririnta. A nan ne ake cewa iska ce ko maita, a yi ta yawo da ita, alhali wannan lamari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti a ranar, kuma yana jin magani.

Matashiya Mai Karatu:
Likita, don Allah ina da tambaya. Tunda kotisol yana da hannu haka, me ya sa ba za a auna shi a jini ba a gane wanda ke da ciwon? Ina yawan ganin masu tallar shayi da garin magani a intanet suna cewa nasu yana sauke kotisol.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ƙanwata, an gwada. A 1981 Bernard Carroll ya gabatar da wani gwaji inda ake ba mutum deksametason da dare a auna kotisol ɗinsa washegari. A lafiyayyen mutum kotisol yakan sauka, a wasu masu tsananin ciwon damuwa kuwa ba ya sauka. An yi murna da farko, amma sai aka ga gwajin yana tsallake masu cutar da yawa, yana kuma kama waɗanda ba su da ita, don haka aka daina dogara da shi. Ƙari a kan haka, Rachel Yehuda a New York ta tarar cewa wasu masu fama da firgicin da ke biyo bayan bala'i, nasu kotisol ƙasa yake, ba sama ba. Sannan shi kansa kotisol ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana kai ƙololuwa kamar rabin sa'a bayan an tashi daga barci, ya yi ƙasa sosai wajen tsakar dare. Awo guda ɗaya ba zai gaya miki komai game da halin zuciyarki ba, kuma mai shayin nan bai auna naki ba balle ya san ya sauke shi.

Gwajin da nake yi wa mai fargaba daban ne. Ina duba maƙoshi, domin halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo idan ta yi aiki fiye da kima tana kawo bugun zuciya da rawar hannu da rama da rashin barci, idan kuma ta yi sanyi tana kawo kasala mai kama da ciwon damuwa. Ina duba ƙarancin jini da suga. Ina kuma tambayar goro nawa yake ci, kofin shayi nawa yake sha, da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari, domin kafeyin da ke cikinsu yana iya tayar da fargaba ga mai saurin kamuwa.

Malamin Sakandare:
Na ji, kuma na gamsu cewa jiki yana da hannu. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mai kuɗin haya ya fi buƙatar a warware masa matsalarsa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai su ga kowa ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ba mu kai ba, Malam, ko kusa. Akwai asibitocin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga sassan da ke asibitocin koyarwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma duk wannan bai isa ba. Abin da ya yi daidai da ra'ayinka shi ne aikin Dixon Chibanda a Zimbabuwe, wanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari mutum, su taimaka masa ya zaɓi matsala ɗaya daga cikin matsalolinsa ya tsara yadda zai tunkare ta. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a rukunin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. Sai dai wanda ciwonsa ya yi tsanani har ba ya iya tashi daga shimfiɗa, ko yake maganar kashe kansa, ba zai iya tsara komai ba sai an fara ɗaga shi, kuma irin wannan ba a jinkirta kai shi asibiti.

Mai Haɗa Magunguna:
Akwai gargaɗin da ya zama dole in yi, domin abin da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba yana taɓa duk hanyoyin da aka ambata. Diyazifam, wanda aka fi sani da Valium tun fitowarsa a 1963, yana ƙarfafa wani sinadari mai kwantar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake kashe fargaba cikin mintuna, amma bayan 'yan makonni jiki yakan saba, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya bari farat ɗaya fargabar takan dawo ninki, wani ma har da jijjiga. Tiramadol kuma, baya ga kashe ciwo, yana ɗaga sirotonin da noradiranalin, don haka haɗa shi da maganin ciwon damuwa yana iya kawo zazzaɓi da rawar jiki da rikicewa.

Ungozoma:
Ka ƙara da maganin ƙiba, ɗan'uwa, wanda 'yan mata ke kira sha ka fashe, da mayukan bilicin.

Mai Haɗa Magunguna:
Ƙwarai kuwa, Hajiya. Da yawa daga cikin haɗin ƙibar nan deksametason ne a ciki, wasu mayukan bilicin kuma suna ɗauke da 'yan'uwansa masu ƙarfi da ke ratsa fata su shiga jini, wato mace tana jawo wa kanta irin cutar da Likita ya siffanta wa Baba, da faɗin fuskar da hawan jinin da rashin barcin da saurin fushin. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, domin halittun kan ƙodarta sun daina samar da nasu kotisol tunda ana kawo musu daga waje, kuma suna buƙatar lokaci kafin su farka. Yankewa farat ɗaya yana iya sa jininta ya faɗi, ta yi ta amai, ta suma. Ta ɗauki kwalin ko robar abin da take sha ta kai wa likita, a tsara mata yadda za ta riƙa ragewa sannu a hankali.